Kuɗi a Cikin Waya, Ruwa Daga Rana: Fasahar Zamani da Masu Ƙaramin Jari a Madobi, Kura da Bunkure

Yankin da ya haɗa ƙananan hukumomin Madobi da Kura da Bunkure da Garun Malam, a kudancin birnin Kano, yana cikin wuraren da tattalin arzikinsu ya fi jingina ga noman rani a duk Arewacin Nijeriya, kuma tushen wannan jingina shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a zamanin gwamna Audu Bako. Daga Tiga ruwa yakan biyo ta Ruwan Kanya ya shiga babban kanal, wato magudanar da aka haƙa domin kai shi gonaki, sannan ya rabu gida biyu, reshen gabas ya nufi ƙasar Bunkure, na yamma kuma ya bi ta Kadawa zuwa Kura, duk a bisa gangaren ƙasa ba tare da inji ya tura shi ba. An tsara kashin farko na aikin domin ya shayar da hekta 22,000, aka kuma damƙa kula da shi ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. Sai dai kanal bai kai kowace gona ba. Manoma da yawa a ƙasar Madobi, da waɗanda filayensu ke bayan iyakar aikin ko a tudun da ruwa ba ya hawa, sun dogara ne ga fadama da gaɓar kogi da rijiyoyin da ake haƙawa a gona, inda sai an tayar da injin ban ruwa kafin shuka ta sha.

Cikin shekara ashirin da 'yan kai, abubuwa biyu sun shigo wannan yanki sun sauya yadda ake neman kuɗi da yadda ake riƙe shi: wayar hannu, wadda ta fara da ɗaukar magana ta kai ga ɗaukar kuɗi, da kuma farantin sola, wanda ke mayar da hasken rana wutar lantarki. Amfaninsu a fili yake, amma duk wanda ya san halin kayan gwari, wato tumatir da attaruhu da tattasai da sauran kayan miyan da ba sa jure ajiya, ya san cewa akwai tambayar da ta fi yabo muhimmanci: idan na'ura ta gaza, ko aka bi ta cikinta aka cuci wani, a wuyan wa asarar take sauka? Abin da ake gani a kasuwannin yankin shi ne ta fi sauka a kan mai ƙaramin ƙarfi, manomi mai kwando goma, ko mai gumin shinkafa, ko yaron shago, alhali mafi yawan abin da zai kare shi bai buƙaci ko sisi ba, bayani ne da ba a kai masa ba cikin harshen da yake ji.

Aikin farko da waya ta yi shi ne kawo farashi. Kamfanonin MTN da Econet sun fara aiki a watan Agustan 2001, Glo ya biyo baya a 2003 da cajin kira daƙiƙa-daƙiƙa wanda ya sauƙaƙa wa talaka, kuma kafin sabis ya iso garuruwan da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya, labarin abin da kwandon tumatir ya yi a kasuwar Mile 12 ta Legas yakan zo ne a bakin direbobin da suka dawo, bayan ya riga ya tsufa. A yau dillali a Kwanar Gafan, babbar kasuwar tumatir da ke ƙasar Garun Malam, yakan ji farashin Legas da na kasuwar 'Yankaba ta Kano kafin ya karya kumallo. Binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta yi a kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar, wanda aka buga a 2010, ya nuna cewa zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Amma wani binciken da ta yi daga baya tare da Marcel Fafchamps bai sami shaidar cewa kuɗin da manomi ke karɓa a hannunsa ya ƙaru ba. Mutumin Kura ba ya buƙatar a fassara masa dalili, domin sanin farashi yana amfanar wanda zai iya cewa albarka ya juya, shi kuwa wanda ya riga ya tsinke tumatir ya cika kwanduna ya biya kuɗin mota ba shi da bakin ƙin tayi idan rana ta take. Masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda ta fara aiki a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a kullum, an sa rai za ta zama mafita idan kasuwa ta faɗi, amma ta sha tsayawa, don haka har yanzu kwando da babbar mota ne ke yanke hukunci.

Ke nan wayar tana biyan kuɗinta ne idan aka yi amfani da ita kafin tsinka. Manomin da ya kira mutum biyu ko uku waɗanda ba su da alaƙa da juna tun da yamma, kafin ya sa masu tsinka, yana da damar jinkirta kwana ɗaya ko biyu. Maƙwabtan gona da suka haɗu a zauren WhatsApp suna iya raba ranakun tsinka domin kada su cika kasuwa rana guda su karya wa kansu farashi. Saƙon murya kuwa ya cire shingen da ya hana wanda bai yi karatun boko ba shiga irin wannan shawara, kamar yadda ɗan gajeren bidiyon kwanduna da aka aika wa mai saye a Ibadan ko Onitsha yake rage musu a kan girman kaya da nunarsu. Idan kuma labarin da ya zo ya nuna cewa farashi bai kai kuɗin kwando da lodi da mota ba, gara a yanka a shanya a yi kauɗa tun tumatirin yana da kyau, a ajiye ta zuwa damina lokacin da ɗanye ke tsada.

Shigar kuɗi cikin waya ta ɗauki lokaci fiye da haka, domin Nijeriya ba ta bi sawun Kenya ba, inda kamfanin waya na Safaricom ya fito da M-Pesa a 2007 har aika kuɗi da layin waya ya zama ruwan dare. Babban Bankin Nijeriya ya zaɓi ya bar ragamar a hannun bankuna da kamfanonin da ya ba lasisi. A 2011 aka samar da hanyar aika kuɗi nan take tsakanin banki da banki, wadda a kanta abin da jama'a ke kira taransfa yake tafiya. A watan Yulin 2013 tsarin rage amfani da tsabar kuɗi ya iso Jihar Kano, a shekarar ce kuma aka fitar da ƙa'idojin wakilcin banki, waɗanda suka halatta wa mai shago ya karɓi ajiya ya kuma biya kuɗi a madadin banki ta na'urar POS. A 2014 aka ƙaddamar da BVN, lamba mai alƙaluma 11 da ke ɗaure dukan asusun mutum da zanen yatsunsa. Duk da haka 'yan sari sun ci gaba da yawo da kuɗi a jaka, eNaira da aka ƙaddamar a watan Oktoban 2021 ma ba ta sami shiga kasuwa ba.

Abin da ya tilasta sauyi shi ne canjin kuɗi. A ranar 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairu, 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffin, daga baya aka ɗage zuwa 10 ga Fabrairu, alhali sababbin ba su wadata ba. Wa'adin ya faɗo a tsakiyar kakar tumatir, lokacin da kwanduna ke cika bakin titi, ga masu tsinka da 'yan lodi suna jiran sallama hannu da hannu, ga mai saye yana cewa sai dai taransfa. Manomin da ba shi da asusu ya karɓi kuɗinsa ta asusun ɗan'uwa ko na dillali, ko ya karyar da kayansa ga duk wanda ya zo da tsaba, kuma ko da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, an riga an yi asarar da ba ta dawowa. A waɗannan makonni ne manhajojin OPay da PalmPay da Moniepoint suka kafu a ƙauyuka, saboda taransfarsu ta riƙa wucewa a lokacin da ta manyan bankuna ke maƙalewa, kuma buɗe asusu a cikinsu bai buƙaci zuwa Kano bin layi ba.

A yau mai POS shi ne bankin mafi yawan mutanen karkara. Kayan aikinsa ba su wuce teburi da benci a ƙarƙashin laima ba, da na'ura biyu na kamfanoni daban-daban domin idan sabis ɗin ɗaya ya ɗauke ya koma ga ɗayar, da batirin caji, da littafi mai layi inda yake rubuta suna da adadi, da jakar da ya rataya a ƙirji, wadda tsabar da ke cikinta sau da yawa daga gidan mai ko daga mai shagon taki ya karɓo ta da safe ya tura masu ta asusu. La'adar da yake cira tana kama da ƙarama, amma ya kamata ɗan kasuwa ya auna ta da ribarsa, domin idan, a misali, ana cire naira 200 a kan kowace 10,000, ribarsa kuma a kan wannan 10,000 ɗin naira 600 ce, to sulusin wahalarsa ya tafi wurin mayar da kuɗin asusu takarda. Ga kuma harajin naira 50 a kan taransfar da ta kai 10,000, wanda aka faɗaɗa zuwa waɗannan manhajoji a watan Disambar 2024, watan da Babban Banki ya ƙayyade cewa mutum ɗaya kada ya ciri fiye da naira 100,000 a rana a wurin wakili. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a biya taki da iri da kuɗin mota kai tsaye daga asusu zuwa asusu, a bar cirar tsaba ga sallamar 'yan ƙwadago da cefanen gida.

Cutar da ta fi yawa a wannan ciniki ita ce alat na bogi, kuma ya kamata a fahimci yadda ake haɗa shi. Alat saƙon tes ne kawai, wanda mai wayo zai iya rubutawa da sunan banki a kansa. Rasit ɗin da ake nunawa a fuskar waya kuwa hoto ne, ana iya gyara suna da adadi da lokaci a cikinsa. Mai wannan cuta yakan zaɓi lokacin da kasuwa ta cika, mota ta tayar, direba yana danna ham, sannan ya nuna wayarsa ya ce sabis ne ya riƙe kuɗin, za su shigo kafin a kai gida. Shaida ɗaya ce tak ta biya, wato mai kaya ya ga kuɗin sun ƙaru a cikin asusunsa shi kansa, ta manhajarsa ko ta lambar da ake dannawa a ƙaramar waya, ko kuma na'urar POS ɗinsa ta nuna shigowarsu. Kafin haka kaya ba sa hawa mota, ko da mai sayen sananne ne, kuma faɗin haka a fili tun farkon ciniki yana kawar da jin nauyi. Wani lokacin gaskiya ne kuɗin sun fita daga wancan asusu ba su shiga wannan ba, a nan ne ake buƙatar lambar shaidar taransfa, doguwar lamba mai alƙaluma 30 da ke jikin rasit na gaskiya, wadda da ita banki ke bin sawun kuɗin. Ƙa'idar Babban Banki ita ce a fara kai ƙorafi ga bankin da abin ya shafa a karɓi lambar shaidar ƙorafin, idan mako biyu ya wuce ba a warware ba sai a ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin. Haka nan wajibi ne mai aikawa ya karanta sunan da ya fito kafin ya sa lambar sirri, domin kuɗin da aka tura wa wani bisa kuskure ba sa dawowa sai da yardarsa ko da umarnin kotu. Wanda kuma kuɗin da bai san da su ba suka faɗo masa, aka kira shi ana roƙon ya mayar ta wani asusu dabam, to ya bi ta bankinsa, domin ta haka ɓarayi ke ɓatar da sawun abin da suka sata su bar shi da amsa tambaya.

Layin waya kansa ya zama makullin shago, amma har yanzu mutane da yawa suna riƙe shi da sakaci. Ɓarawon da ya zare ƙaramar waya daga aljihu a cikin cunkoso ba kuɗin wayar yake nema ba, sim ɗin yake so, saboda ta lambar *565*0# layin da aka yi rajistar banki da shi yakan nuna BVN, da ita kuma ake neman hanyar shiga asusu ko cin bashi da sunan mai layin. Maganin wannan yana cikin kowace waya: a sa wa sim lambar sirri tasa, ta yadda idan aka cire shi aka sa a wata wayar ba zai yi aiki ba, tare da adana katin da sim ya zo a jikinsa, domin a kansa lambar buɗewa take idan aka yi kuskure sau uku. Yawancin bankuna suna da lambar rufe asusu da ake iya dannawa daga wayar wani, kuma lokacin koyonta shi ne tun waya tana hannu. Lambar sirri ba ta kyautu ta zama shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar waya ba, ba a rubuta ta a bayan kati, ba a kuma faɗa wa mai POS ita da baki a gaban jama'a, abin da dattawa da mata da yawa ke yi saboda alƙaluman na'urar ba sa ganuwa gare su ko ba su saba da su ba. Ya fi dacewa ɗa ko jika ya zauna da su a gida har hannunsu ya saba. Babu bankin da ke kira ya nemi lambar sirri ko lambar nan ta wucin gadi da ake turowa ta tes, duk wanda ya nema kuwa, ko da ya faɗi cikakken sunan mutum da ranar haihuwarsa, ɗan damfara ne. Tun da gwamnati ta wajabta haɗa layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN a watan Disambar 2020, wani haɗarin ya bayyana: mutumin da aka yi wa rajistar layi da sunan ƙaninsa ko na mai sayar da sim ba zai iya yin welkom bak ba, wato karɓar sabon sim mai tsohuwar lamba, idan wayarsa ta ɓata, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma kamfani yakan sayar wa wani alhali alat ɗin banki na ci gaba da zuwa cikinsa. Ƙorafin da kamfanin waya ya ƙi saurara ana kai shi Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta lambar 622, kyauta.

Inda ake ajiye kuɗin ma abin dubawa ne. Hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga abin da take lamuncewa a 2024 zuwa naira miliyan 5 ga mai ajiya a babban bankin kasuwanci da miliyan 2 a ƙaramin banki, kuma soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin shekarar ya nuna cewa rufe banki abu ne mai faruwa. Don haka ɗan kasuwar da kuɗin kakarsa suka haura wannan adadi ya raba su a bankuna biyu, abin da zai kuma cece shi ranar da sabis ɗin ɗaya ya ɗauke. Manhajar da ke alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda ba ta cikin wannan lamuni ko kaɗan, kuma abin da ya sami mutane a MMM a ƙarshen 2016 shi ya sake samun wasu a CBEX a watan Afrilun 2025. Manhajojin bashin nan take su ma suna da tarko biyu, kuɗin ruwa mai nauyi da kuma izinin da suke karɓa na shiga lambobin da ke cikin waya, wanda da shi wasunsu ke tozarta mai bashi a wurin surukai da abokan ciniki. Ga wanda ke gudun riba, bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa suna nan tun da Jaiz ya buɗe a 2012 da reshe a Kano.

Ta ɓangaren ruwa, ranar da ta sauya lissafin manomin fadama ita ce 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur: lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ƙananan injinan fetur masu bakin inci biyu ko uku, waɗanda shirin Fadama na ƙasa ya yaɗa tun farkon shekarun 1990 da tallafin Bankin Duniya, suka zama abin da ke cinye ribar gona, kuma tazarar da ke tsakanin mai gona a bakin kanal da mai gona a fadamar Madobi ta ƙara faɗi. Wasu sun sauya kafiretar injinsu ta koma amfani da gas ɗin girki, wanda ya fi sauƙi amma yana buƙatar a kiyaye tukunyar daga zafin rana da tiyo mai yoyo. Wasu kuma suka koma sola.

Kayan ban ruwa na sola guda uku ne: farantan da ke samar da wuta, da akwatin da ke daidaita ta, da famfon kansa, ko dai na sama wanda ke zuƙo ruwa daga kogi ko rijiya mara zurfi, ko sumo, wato wanda ake zurawa cikin rijiyar ya turo ruwan daga ƙasa. Famfon sama ba ya iya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce kimanin mita 7, saboda haka auna zurfin ruwa a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ya fi ja da baya, shi ne matakin farko kafin a je kasuwa. Ba lallai ne a sayi batir ba, alhali shi ne mafi tsada kuma mafi saurin mutuwa a cikin kayan sola. Aikin ban ruwa da rana ake yin sa, kuma tara ruwa a tanki ko kududdufi ya fi tara wuta araha. Amma dole manomi ya san cewa sola ba ta da ƙarfin turin injin fetur, tana ba da ruwa ne a hankali daga hantsi zuwa la'asar, wanda ke nufin sake tsarin fangali da ranakun shayarwa. Ƙurar hunturu, wadda ke zuwa daidai lokacin da aka fi buƙatar ruwa, tana rage ƙarfin faranti sosai, sai an riƙa goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi, a kuma karkatar da shi kaɗan ya fuskanci kudu, inda rana ke karkata a watannin rani. A wajen saye araha ba ta ado: ana samun farantan da adadin wat ɗin da aka manna masu ya fi abin da suke bayarwa, da na gwanjo masu tsagar da ido ba ya gani, don haka a gwada kowane faranti da mita a cikin rana kafin a biya, a karɓi rasit mai ɗauke da wa'adin garanti, a kuma tabbatar akwatin yana kashe famfo da kansa idan rijiya ta ƙafe, domin sumon da ya yi aiki babu ruwa ƙonewa yake yi. Hanyar sanin ko sayen ya dace ita ce manomi ya rubuta litar man da yake sha a kowace shayarwa ya ninka da yawan shayarwar kaka guda, sannan ya ga kaka nawa za su biya kuɗin kayan, yana mai ƙara lissafin sata da fashewar faranti a hanyar kai shi gona da dawo da shi gida. Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa tun da wuri: ruwan da ba a biyan kuɗin ɗago shi yana sa a wuce ƙima, kuma yankin ya riga ya san illar kwanciyar ruwa da tasowar gishiri a gona.

Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 domin gyara manyan ayyukan ban ruwa ciki har da na kogin Kano, ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ya ɗora masu tara kuɗin ruwa da yashe ƙananan magudanai. Irin wannan kuɗi na jama'a bai kamata ya shiga asusun shugaba ko ma'aji na kansa ba. Asusu da sunan ƙungiya, mai sa hannun mutum biyu ko uku, wanda ake karanta bayaninsa a taro, yana kashe zargi tun kafin ya taso. Shi kuwa batun tallafi ta waya yana da asali, domin a 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, an raba takin tallafi ta saƙon tes, kuma wannan tunawa ce 'yan damfara ke hawa a kai idan suka yaɗa adireshin intanet na rajistar tallafin bogi. Rajistar gaskiya ba ta neman lambar kati ko lambar sirri. Haka ma tun ɓarnar da tsutsar nan ta Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta yi wa tumatirin Kano a 2016, zaurukan waya sun cika da shawarar gauraya magungunan feshi. Ɗaukar hoton ganyen da ya kamu a nuna wa malamin gona na hukumar noma ta jiha, wato KNARDA, ko ma'aikatan tashar binciken noman rani da ke Kadawa ya fi bin muryar da ba a san mai ita ba.

Waɗanda wannan sauyi ya fi bari a baya su ne mata, duk da cewa gumin shinkafar da Kura ta yi suna a kansa, wato jiƙa shanshera a turara ta a shanya kafin a kai inji, galibi a hannunsu yake. Binciken da cibiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna cewa kashi 26 cikin ɗari na manyan mutane a Nijeriya ba sa hulɗa da kowace irin kafar kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kusa rabi. Macen da kuɗin sana'arta ke shiga asusun miji ko na ɗa ba ta da shaidar cinikinta, ba ta kuma san abin da ya shigo ba sai abin da aka gaya mata. Layi da asusu da sunanta, waɗanda lambar NIN ko BVN ta isa a buɗe mafi ƙanƙantarsu, su ne ke ba ta tarihin ciniki, wanda shi masu ba da jari ke dubawa kafin su yarda da mutum. Wannan dalili ne ya sa raba asusun sana'a da na hidimar gida ke da amfani ga kowa, haka ma rubuta bashi da adashe a littafi ko da an tura su ta waya, abin da aya ta 282 a Suratul Baƙara ta riga ta yi umarni da shi.

Matsalar da ba a cika tattaunawa ba sai ta faru ita ce gado. Kuɗin da ke cikin akwati ko buhunan da ke cikin sito magada suna ganinsu da ido, amma mutum yana iya rasuwa da asusu uku a cikin waya ba wanda ya san da su, tare da basussukan da shaidarsu saƙon murya ne kawai. Amfani da lambar sirrin mamaci a kwashe abin da ke ciki kafin rabo yana jawo husuma da cin haƙƙin marayu. Hanyar da doka ta sani ita ce a sanar da banki, a kai takardar shaidar rasuwa da takardar kotu da ta ba da ikon kula da dukiyar, sannan a fitar da kuɗin a raba bisa shari'a. Domin hakan ya yiwu, ya kamata kowane mai sana'a ya rubuta sunayen bankunan da yake hulɗa da su da lambobin asusunsa da jerin waɗanda yake bi da masu binsa, ba tare da lambar sirri ba, ya ajiye takardar a wurin wanda ya amince da shi, yana sabunta ta a ƙarshen kowace kaka.